Karatun Zane a Amurka ta Hanyar Kwalejin Al'umma: Yadda Za Ka Tsara Shekaru Biyun Farko

Kuɗin karatu a manyan makarantun zane masu zaman kansu na Amurka, irin su RISD da Pratt da SAIC, ya haura dala 50,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci da kayan aiki. A kwalejin al'umma kuwa, wato kwalejojin gwamnati na shekara biyu da ke warwatse a kowace jiha, matsakaicin abin da ɗan yanki ya biya a shekarar karatu ta 2024/2025 kimanin dala 4,050 ne bisa ƙididdigar College Board. Kuma abin da ake koyarwa a shekarar farko kusan ɗaya ne: riƙon gawayi, auna abu da ido, haɗa launi, gina siffa da kwali ko waya ko yumɓu. Shi ya sa mutane da yawa suke farawa a ƙaramar, su ƙarasa a babbar. Kerry James Marshall, wanda aka sayar da wani zanensa a kan dala miliyan 21.1 a 2018, a Los Angeles City College ya tara darussansa kafin ya shiga makarantar zane ta Otis ya kammala a 1978.

Wanda ya san tsarin Nijeriya zai gane abin da sauri: yana kama da yin difloma a kwalejin fasaha sannan a nemi shiga jami'a kai tsaye ba tare da komawa ajin farko ba. Bambancin shi ne a Amurka babu wata hukuma guda mai tsara wannan ga ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, kowace jami'a da sharuɗɗanta, kuma a nan ne mutane suke yin asara. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, na 2017 ya nuna cewa ɗaliban da suka canza makaranta sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗin da suka tara, wato ma'aunin da ake lissafa darussan da aka ci da shi. Binciken da ake yi kan ɗaliban waɗannan kwalejoji kuma yana nuna cewa kusan kashi 80 suna shiga da niyyar yin digiri, amma kimanin kashi 16 ne kawai suke samunsa cikin shekara shida.

Na rubuta wannan ne don ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke Bronx da Greensboro da Houston da sauran garuruwan da mutanenmu suka zauna, da iyayensu masu biyan kuɗin, da kuma wanda yake gida yana tunanin zuwa. Ɗalibin zane yana barin kwalejin al'umma da kaya biyu: takardar sakamako da kundin ayyukansa, wanda ake kira fotfoliyo. Ofis daban ne yake duba kowanne, kuma ɗaya ba ya cike gurbin ɗaya.

Mataki na farko: zaɓi inda za ka ƙarasa kafin ka yi rajistar darasi ko ɗaya

Yawancin ɗalibai suna yin akasin haka. Sai sun cinye shekara da rabi sannan su fara tambayar ina za su. Kai ka zauna tun kafin zangon farko ka fitar da makarantu uku ko huɗu: jami'ar gwamnati mafi kusa da kai, wata jami'ar gwamnati a jiharka da ta yi suna a fannin da kake so, da makarantar zane mai zaman kanta guda ɗaya idan ranka yana can. Ka buɗe shafin sashen zane na kowacce ka karanta jerin darussan shekara ta ɗaya da ta biyu. Wannan jerin shi ne taswirarka.

A nan za ka gamu da digiri iri biyu. BA digiri ne na gama-gari, darussan zane ba su wuce kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari na karatun ba, sauran kuwa tarihi ne da harshe da kimiyya da abin da ka ga dama. BFA na ƙwarewa ne, kusan kashi 65 na karatun a ɗakin aiki ake yinsa, bisa ma'aunin NASAD, ƙungiyar da take tantance makarantun zane. Wanda yake son zanen katun mai motsi, ko zanen littattafai, ko tsara kayan masana'antu, BFA ya fi dacewa da shi. Wanda yake son koyarwa, ko aikin gidan tarihi, ko haɗa zane da wani fanni, BA ya ishe shi, kuma ya fi sauƙin kammalawa cikin shekara biyu bayan tiransifa, wato komawa jami'a daga kwalejin. Ban yarda da masu cewa BA ƙaramin digiri ne ba. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni aikin hannunka suke fara dubawa.

Mataki na biyu: kada ka kuskure sunan takardar da za ka yi

Ana auna karatu da kiredit. Darasi ɗaya yawanci kiredit 3 ne, takardar shekara biyu kimanin 60, digiri kuma kimanin 120. Takardun shekara biyun suna da sunaye masu kama da juna amma makomarsu ta bambanta. AA da AS an tsara su ne don tiransifa, suna ɗauke da darussan gama-gari da jami'a take buƙata. AFA ta fi yawan darussan ɗakin aiki, an yi ta ne don mai nufin BFA. AAS kuwa takardar neman aiki ce kai tsaye, kuma a makarantu da yawa wani ɓangare na darussanta ba ya shiga lissafin digiri. Sunanta yakan yi daɗin ji, musamman idan an liƙa mata zanen kwamfuta, amma kafin ka shiga ka nemi a nuna maka a rubuce wace jami'a ce take karɓarta gaba ɗaya. Akwai inda take tafiya daidai: a FIT, kwalejin tsara tufafi da zane ta New York, tsarin karatun kansa shi ne AAS shekara biyu, sannan BFA shekara biyu.

Mataki na uku: nemo yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejinka da jami'ar

Wannan takarda ita ce take faɗin wane darasi a nan yake daidai da wane a can. Kowace jiha da yadda take yi.

California, mai kwalejojin al'umma 116, ta fi kowa tsari. Wata doka ta 2010 ta kawo takardar AA-T, kuma akwai ta a fannin zane. Wanda ya kammala ta da kiredit 60 da matsakaicin maki 2.0 (cikin 4.0) ko fiye yana da tabbacin gurbi a tsarin jami'o'in CSU, wato Jami'ar Jihar California mai harabobi da yawa, amma ba lallai a harabar da ya zaɓa ba. Ka lura kuma cewa galibi da BA ake daidaita ta, shiga BFA sai an sake duba fotfoliyo. Shafin ASSIST yana nuna maka darasi bayan darasi yadda za a lissafa maka. Jami'o'in UC (University of California) guda shida, wato Davis da Irvine da Merced da Riverside da Santa Barbara da Santa Cruz, suna da shirin tabbacin gurbi mai suna TAG, wanda ake nema a watan Satumba, ko da yake ba kowane fanni yake ciki ba. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa cikinsa.

A birnin New York, kwalejoji irin su BMCC da LaGuardia da Hostos da Bronx Community College duk 'yan gida ɗaya ne da Hunter da City College da Lehman, a ƙarƙashin CUNY, rukunin jami'o'in gwamnati na birnin. Kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin ka duk inda ka koma a cikin gidan, kuma shafin Transfer Explorer yana nuna makomar sauran. A North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa a Greensboro, akwai yarjejeniya ta musamman tsakanin kwalejojin al'umma 58 na jihar da jami'o'in UNC na gwamnatin jihar masu ba da BFA, don wanda ya yi AFA a zane. A Florida takardar AA tana ba ka tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar, Texas kuma tana da lambobin darussa na bai ɗaya da suke sauƙaƙa lissafi.

Ka ga jami'in ba da shawara na kwalejinka, amma kada ka tsaya a kansa. Sau da yawa ɗalibai ɗaruruwa ne a wuyansa, kuma ba lallai ya san ƙa'idojin sashen zane ba. Ka je wurin shugaban sashen zane na kwalejin, sannan ka rubuta wa sashen zane na jami'ar da kake nufi. Duk amsar da aka ba ka ta imel ka adana. Maganar baki ba ta zama hujja ranar lissafin kiredit.

Mataki na huɗu: kuɗi da takardu

Ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin su cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnati, kowace shekara, kyauta ne. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba a biya, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekara a 'yan shekarun nan. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne Pell yana da iyaka: zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwarka. Idan ka yi shekara huɗu kana yawo tsakanin darussa a kwalejin al'umma, abin da zai rage maka a jami'a, inda kuɗin ya fi yawa, kaɗan ne. Janyewa daga darasi a tsakiyar zango ma yana shiga lissafi, domin ana so ka ci kimanin kashi biyu cikin uku na darussan da ka yi wa rajista kafin tallafi ya ci gaba. Farashin ɗan jiha kuma sai ka cika sharaɗin zama, yawanci shekara ɗaya. A California ɗan jiha dala 46 yake biya kan kowane kiredit, baƙo kuwa ninkin haka sau da yawa.

Mai zuwa daga gida lissafinsa daban ne. Zai biya kuɗin baƙi, ba shi da Pell, zai nuna shaidar kuɗin shekara guda kafin a ba shi takardar I-20 da makaranta take bayarwa don neman biza, ya biya dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban ƙasashen waje, da dala 185 na biza, ya kawo sakamakon WAEC ko NECO ko bakaloriya da jarrabawar Turanci. Dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango, aiki kuma sai a cikin makaranta, awa 20 a mako. Abu mafi nauyi shi ne a 2025 gwamnatin Amurka ta taƙaita ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Chadi da Sudan tun watan Yuni, sannan Nijar da Nijeriya a ƙarshen shekarar, kuma abin ya shafi bizar ɗalibai. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka kafin ka kashe ko sisi ka tuntuɓi ofishin EducationUSA, na gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, wanda yake da cibiyoyi a Abuja da Legas, kada ka bi ta hannun dillalai.

Ka ware kuɗin kayan aiki daban. Babban littafin takardar gwaji mai inci 18 da 24, gawayin zane, fensira masu tauri da masu laushi, magogi, allon jingina takarda, fenti da buroshi, duk daga aljihunka za su fito. Kada ka sayi komai sai malami ya ba da jerinsa a ranar farko, kuma ka tambayi waɗanda suka gama ajin, sukan bar ragowar kaya.

Mataki na biyar: jera darussan

Darussan tushe huɗu ne kusan ko'ina: zane na farko, tsarin shimfiɗaɗɗiyar siffa, tsarin siffa mai jiki, da tarihin zane. Su ne ƙofar sauran. Ba za a bar ka shiga ajin fenti ko zane na biyu ba sai ka ci su, kuma wasu darussan sau ɗaya ake bayarwa a shekara. Don haka ka ɗauki zane na farko da tsarin shimfiɗaɗɗiyar siffa a zangon farko, siffa mai jiki da zane na biyu a zango na biyu. Shekara ta biyu ta zama ta fannin da kake so, ko fenti ne, ko yumɓu, ko bugu, ko hoto, ko kwamfuta. Akwai masu ba da shawarar a gama darussan gama-gari tukuna sannan a taɓa zane. Ga ɗalibin zane wannan shawara cutarwa ce, domin lokacin neman tiransifa zai zo hannunsa babu aikin nunawa.

Ka kuma san cewa darasin ɗakin aiki mai kiredit 3 kusan awa shida yake ci a aji kowane mako, ninki biyu na darasin lacca, ga aikin gida a kai. Darussa uku irin wannan awa 18 ke nan a tsaye gaban allo. Mai aikin dare ko tuƙin tasi ko kula da yara ya tsaya a biyu, ya haɗa da na gama-gari biyu. Turanci da lissafi kuma kada ka jinkirta su, su ne suka fi riƙe mutane a bakin ƙofa. Duk darasin da ka samu ƙasa da C, ka ɗauka ba zai bi ka ba.

Za ka haɗu da zaman sharhi, inda kowa yake liƙa aikinsa a bango, malami da 'yan aji su yi ta magana a kai. Ga wanda ya taso da kunya da kawaici, ranar farko tana da nauyi, ko a faɗa maka ko kai ka faɗa wa wani. Ka daure. Ka riƙa rubuta abin da aka ce, kada ka tsaya kare kanka. Yin shiru a wannan zama ba a ɗaukarsa ladabi, ana cire maki a kansa.

Maganar zanen mutum

Gara a faɗe ta a fili. A ajin zanen jikin mutum, a makarantun Amurka, wanda ake zanawa galibi tsirara yake tsayawa. Ga Musulmi wannan babbar magana ce, ga kuma asalin mas'alar zana abu mai rai, wadda malamai suka yi maganganu a kanta. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa tun kafin rajista. Abin da zan iya faɗa maka na tsari ne. A takardar AA-T ta California wannan darasi yana cikin na zaɓi, amma a yawancin BFA na katun da zanen littattafai da fenti wajibi ne, kuma fotfoliyonsu yana neman sa. Idan ba za ka yi ba, ka duba wannan tun a mataki na farko, ka karkata ga fannin da bai dogara da shi ba: tsara rubutu da tambari, yumɓu, saƙa da rini, bugu, ƙira, tsara kayan amfani. Wasu malamai sukan yarda da wani aiki a madadinsa idan an yi musu bayani da wuri kuma cikin mutunci, amma ba dole ne jami'ar gaba ta karɓi wannan madadin ba, sai ka tambaye ta ita ma.

Mataki na shida: gina fotfoliyo tun daga makon farko

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Yawancin makarantu suna neman ayyuka 10 zuwa 20, ana ɗora hotunansu a intanet, da yawa ta shafin SlideRoom. A makarantun zane masu zaman kansu fotfoliyo ne yake yanke ajin da za a sa ka. Kana iya zuwa da kiredit 60 cif a mayar da kai aji biyu, shekara uku ke nan a gabanka maimakon biyu, kuma wannan shekara guda tana iya cinye duk abin da ka tanada. RISD ma takan sa masu tiransifa da yawa su yi darussan tushe na mako shida a lokacin bazara kafin su shiga aji biyu.

Me masu dubawa suke nema? Na farko, zane daga abin da ido ya gani a zahiri: kwanuka a kan tebur, hannunka, kusurwar ɗaki, mutane a tashar jirgin ƙasa. Suna gane wanda aka kwafa daga hoton waya nan take, domin hasken yakan mutu, zurfin ya ɓace. Zanen fuskokin mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan katun na wasu, duk yadda ya yi kyau, ka bar shi a gida. Na biyu, suna son ganin tunani: aiki uku ko huɗu da suke bin magana ɗaya, kowanne ya ɗara na baya. Na uku, shafukan littafin gwaji, inda aka ga yadda ka fara, ka ɓata, ka gyara. Aikin aji yana shiga, amma idan fotfoliyon duk aikin aji ne, zai yi kama da na sauran 'yan ajinku ashirin.

A nan ɗan Hausa yake da abin da wasu ba su da shi, idan ya ɗauke shi da gaske. Zanen bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar allo da ta gefen Alƙur'ani rubutun hannu, shuɗin marinar Ƙofar Mata, aikin dukawa a kan fata, duk ilimi ne na layi da maimaici da daidaito, wato ainihin abin da ajin tsarin siffa yake koyarwa. Amma liƙa dagi a kusurwar takarda ba ya wadatarwa. Ka zauna ka gano yadda aka gina shi, ina layi ya hau, ina ya nutse, sannan ka yi wani abu naka da shi. Mark Bradford ya yi shekaru yana aiki a shagon gyaran gashi na mahaifiyarsa a Los Angeles, ya bi ta Santa Monica College ya shiga makarantar zane ta CalArts, kuma da 'yan takardun da ake naɗe gashi da su a shagon ya yi ayyukan da suka fito da sunansa. A 2017 shi ya wakilci Amurka a baje kolin Venice.

Ka ɗauki hoton kowane aiki a makon da ka gama shi, kafin gawayi ya goge ko tukunya ta fashe. Ka jingina shi a bango mai launi ɗaya, a hasken rana marar zafi, kyamara daidai tsakiyarsa, ba filasha. Abu mai jiki ka ɗauke shi ta ɓangare biyu ko uku. Ka rubuta suna da girma da kayan da aka yi da shi da shekara. Ka ajiye a wuri biyu. Haka kuma ka adana takardar tsarin kowane darasi da malami ya raba a ranar farko, za ka ga amfaninta nan gaba.

Kowace kaka ana yin taron da ake kira National Portfolio Day a manyan birane da kuma ta intanet, inda wakilan makarantun zane suke duba ayyuka kyauta. Ka je tun shekararka ta farko, lokacin da ba ka neman komai. Ka tambaye su kai tsaye: da yau na nema, wane aji za ku sa ni, me ya rage? Amsar za ta tsara maka shekara ta biyu.

Mataki na bakwai: duba abin da sana'ar take buƙata bayan digiri

Wasu ayyukan suna da sharuɗɗan da ya fi araha a cika su a kwalejin al'umma. Koyar da zane a firamare da sakandaren gwamnati sai da lasisin jiha, koyarwa a jami'a kuma galibi sai da MFA, digiri na biyu a zane. Mai son gyara da adana tsofaffin kayan tarihi, kamar yadda ake koyarwa a Delaware da Buffalo State da NYU, yana buƙatar darussan kemistiri masu yawa. Zanen likitanci, wanda Johns Hopkins ta buɗe wa sashe tun 1911, digiri na biyu ne mai neman ilimin halittu da na sassan jiki. Jinya ta hanyar zane ita ma digiri na biyu ce, tana neman darussan ilimin halayyar ɗan Adam. Idan ɗaya daga cikin waɗannan yana ranka, ka sa darussan a gurbin na gama-gari yanzu.

Iyaye sukan tambaya ko zane yana ciyar da mutum, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ƙididdigar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta 2023 ta sa matsakaicin albashin mai tsara zane na kasuwanci a kusan dala 59,000 a shekara, daraktan zane kuma sama da dala 100,000, amma wannan kujera ce ta bayan shekaru. Masu rayuwa da sayar da fenti kaɗai kaɗan ne, yawancinsu suna haɗawa da koyarwa ko wani aiki. Manhajojin da suke ƙirƙirar hoto da kansu kuma sun fara cin ƙananan ayyukan da sabon shiga yake farawa da su. Saboda haka ka koyi Photoshop da Illustrator da InDesign ko da yumɓu ne fanninka, ka ɗauki darasin kasuwanci ɗaya, ka nemi aiki a ɗakin baje kolin kwalejin, inda za ka koyi rataye aiki da naɗe shi da saita fitila, sana'ar da gidajen tarihi suke biya a kanta.

Mataki na takwas: nema, da abin da ke biyo baya

Ana nema kusan shekara guda kafin tafiya. UC da CSU suna karɓa daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, wato a zangonka na uku, makarantu masu zaman kansu da yawa kuma wajen Fabrairu da Maris. Wa'adin fotfoliyo wani lokaci daban yake da na takardar nema, ka rubuta duka biyun. Ka roƙi wasiƙar shaida wurin malaman ɗakin aiki biyu da suka san hannunka, ka ba su wata guda. Idan makinka ya kai wajen 3.5 za a gayyace ka ƙungiyar Phi Theta Kappa ta ɗalibai masu hazaƙa, ka shiga, domin jami'o'i da yawa suna da tallafi na musamman ga 'ya'yanta. Gidauniyar Jack Kent Cooke kuma tana ba masu tiransifa har dala 55,000 a shekara, gasar tana da zafi amma nema kyauta ne.

Ka binciki lafiyar makarantar kanta. San Francisco Art Institute ta rufe a 2022, rukunin The Art Institutes a 2023, University of the Arts ta Philadelphia kuma a Yunin 2024 da sanarwar kimanin mako guda. Ka tabbatar makarantar tana da tantancewa, ka duba ko yawan ɗalibanta yana raguwa.

Idan takardun karɓa sun zo, kada ka biya kuɗin kama gurbi sai an ba ka lissafin kiredit a rubuce. Ka duba abu biyu: nawa aka karɓa, kuma nawa ne daga ciki aka sa a gurbin darussan da digirin yake buƙata. Ana iya karɓar duka 60 amma a zuba rabinsu a matsayin zaɓi, wanda ba ya rage maka ko zango ɗaya. Duk darasin da aka ƙi, kana da damar ɗaukaka ƙara: ka kai takardar tsarin darasin da hotunan ayyukan da ka yi a cikinsa ga shugaban sashe. Sannan ka kwatanta makarantun da jimillar kuɗin da zai fita daga hannunka har ka gama, bayan cire tallafin da ba a biya, ka ninka da ainihin shekarun da suka rage. Bashi ba tallafi ba ne ko da an jera su a takarda ɗaya, kuma yana da ruwa. Idan ka tashi kafin ka cika kiredit 60, ka tambayi kwalejinka ko tana karɓar sakamakon jami'a a mayar mata don ta ba ka takardarka ta shekara biyu. Mai bizar ɗalibi kuma ya sa ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya tura bayanansa na SEVIS zuwa sabuwar makaranta cikin wa'adin da doka ta tanada bayan kammala karatu.